Basil Liddell Hart: Kyaftin ɗin da ya hukunta janar-janar da alƙalami, tarihi kuma ya waiwaye shi

A watan Satumban 2006, gidan adana takardun tarihi na Birtaniya ya saki wasu fayilolin hukumar leƙen asirin cikin gida ta MI5 da suka shafe sama da shekara 60 a kulle. Ɗaya daga cikinsu na wani tsohon kyaftin ɗin soja ne da ya koma rubutu a jarida. Takardun sun nuna cewa a farkon 1944, watanni kaɗan kafin sojojin ƙawance su tsallaka teku su dira a gaɓar Normandy ta Faransa, mutumin ya rubuta sharhi a kan matsalolin da ke tattare da farmakin, ya kuma raba shi ga wasu 'yan siyasa da hafsoshi. Abin da ya rubuta ya yi kusa da ainihin shirin sirrin har hankalin mahukunta ya tashi. Firaminista Winston Churchill ya nemi a kama shi, amma MI5 ta ga ya fi kyau a sa masa ido, ana sauraron wayarsa ana buɗe wasiƙunsa. Shi dai ya dage cewa da nazarinsa ya gano shirin, kuma ba a taɓa gurfanar da shi gaban kotu ba.

Wannan mutum shi ne Basil Henry Liddell Hart. Muƙaminsa a soja bai wuce kyaftin ba, bai taɓa riƙe kujerar minista ko ta majalisa ba, amma kusan shekara 45 manyan hafsoshi da shugabannin gwamnati suna karanta abin da ya rubuta a kan tsaro, wasu cikin sha'awa, wasu cikin takaici. Rayuwarsa ta nuna iyakar abin da mai sharhi zai iya yi wa manufofin ƙasa, da kuma abin da kan faru idan mai sharhin ya shiga ɗakin da ake yanke shawara, shawararsa ta ci tura, sannan ya tashi gyara labarin da hannunsa.

Daga Paris zuwa filin Somme

An haife shi a birnin Paris ranar 31 ga Oktoban 1895, inda mahaifinsa yake limancin wata majami'ar Methodist ta Ingilishi mazauna birnin. Liddell sunan dangin mahaifiyarsa ne, daga baya ya haɗa shi da na mahaifinsa. Ya yi karatu a makarantar St Paul's da ke Landan, sannan ya shiga kwalejin Corpus Christi ta Jami'ar Cambridge don nazarin tarihi. Bai kammala ba Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ɓarke a 1914, ya ajiye littattafai ya shiga rundunar King's Own Yorkshire Light Infantry a matsayin ƙaramin hafsa.

Zamansa a fagen daga bai yi tsawo ba. Sau biyu ana tura shi Faransa a 1915 ana dawo da shi saboda rashin lafiya da rauni. Zuwansa na uku ya faɗo daidai gumurzun Somme. Ranar 1 ga Yulin 1916, sojojin Birtaniya suka fito daga ramukansu suka tunkari na Jamusawa a fili, gaba da gaba, cikin ruwan harsashin manyan bindigogi masu sarrafa kansu. Kafin rana ta faɗi, kimanin mutum 57,000 sun mutu ko sun jikkata, waɗanda suka mutu sun haura 19,000. Babu wata rana a tarihin sojan Birtaniya da ta kai wannan muni. Bataliyar Liddell Hart ta rasa yawancin hafsoshinta, shi kuwa ya tsira ne domin yana cikin waɗanda aka ware a baya a matsayin ko-ta-kwana. Bayan kimanin mako biyu ya shaƙi iska mai guba a kusa da dajin Mametz, aka mayar da shi Ingila, kuma bai sake komawa fagen yaƙi ba.

Abin lura shi ne bai dawo yana zargin kowa ba. Rubutunsa na farko a kan Somme yabo ne ga babban kwamanda Douglas Haig da muƙarrabansa. Sai da shekaru suka wuce, ya karanta takardun yaƙin, ya tattauna da waɗanda suka tsara shi, kafin ra'ayinsa ya juya gaba ɗaya. Gumurzun da aka yi wata huɗu da rabi ana gwabzawa ya ci wa Birtaniya kimanin mutum 420,000 tsakanin matattu da masu rauni, abin da aka samu kuma bai wuce ci gaban kilomita goma ba. Tambayar da ta bi shi har kabari ta samo asali ne daga nan: ta yaya ƙasa za ta yi yaƙi ba tare da ta ƙarar da samarinta ba?

Daga bariki zuwa ɗakin labarai

Sauran shekarun yaƙin ya yi su yana horar da sababbin sojoji a Ingila. Dabarun da ya tsara na ƙananan rukunin dakarun ƙasa sun ja hankalin Janar Ivor Maxse, wanda ya sa shi cikin masu rubuta sabon littafin horon dakarun bayan yaƙi. A nan ya fito da wani tunani da ya kwatanta da ambaliya: ruwa ba ya tsayawa dukan wurin da ya fi ƙarfi a jikin madatsa, yakan nemi tsaga ne ya kutsa, ya faɗaɗa ta, sannan ya malala a baya. Haka yake ganin ya kamata mai kai farmaki ya yi.

A 1920 ya haɗu da Kanar J.F.C. Fuller, hafsan da ya fi kowa zurfin tunani a kan tankar yaƙi a lokacin. Fuller ne ya shawo kansa cewa makomar yaƙi tana ga injuna masu sulke da gudu, kuma shekaru da dama su biyun suna musayar wasiƙu suna sukar hafsoshin da suka ƙi rabuwa da doki. Daga baya hanyarsu ta rabu a siyasa, domin Fuller ya shiga jam'iyyar 'yan fasist ta Oswald Mosley, har ya halarci faretin cikar Hitler shekara 50 a 1939.

Ciwon zuciya ya sa aka mayar da Liddell Hart kan rabin albashi a 1924, aka sallame shi a 1927. Don ya ciyar da iyalinsa sai ya shiga aikin jarida, har yana rubuta rahoton wasan tanis na Wimbledon. A 1925 jaridar Daily Telegraph ta ɗauke shi wakilinta kan harkokin soja, ya yi shekara goma a wurin, sannan ya koma The Times daga 1935 zuwa 1939. A wancan zamani wakilin soja na babbar jarida yana da ƙarfin da ba ƙarami ba. Yana halartar atisaye, ciki har da gwajin rundunar injuna da aka yi a filin Salisbury a 1927, yana rubuta wanda ya yi abin kirki da wanda ya gaza, yana ambaton suna. Hafsoshi masu neman sauyi suka riƙa kai masa bayanai a ɓoye, manyansu kuma suka riƙa jin haushin yadda wani kyaftin mai ritaya yake ba su maki a bainar jama'a.

Dabarar bi ta bayan gida

A 1929 ya wallafa The Decisive Wars of History, littafin da ya yi ta faɗaɗawa har ya zama Strategy, wanda ake karantawa a kwalejojin soja har yau. Jigonsa shi ne cewa tunkarar abokin gaba ta inda yake tsammani, kuma inda ya fi ƙarfi, ƙara masa ƙarfi ne kawai. Nasara tana samuwa ne idan aka fara gurgunta shi kafin a gwabza: a biyo ta inda bai zata ba, a yanke hanyar abincinsa da makamansa, a sa shi cikin ruɗu game da inda aka dosa, har kwamandansa ya karaya tun ba a kashe sojojinsa ba. Ya ce ya bincika yaƙe-yaƙe 30 masu ɗauke da karo sama da 280, kuma a shida kaɗai ne tunkarar kai tsaye ta kawo nasarar da ta raba gardama.

Gwarazansa su ne Scipio na Rum, wanda ya bar Hannibal a Italiya ya je ya kassara tushen ƙarfinsa a Sifaniya da Arewacin Afirka, da Janar Sherman na yaƙin basasar Amurka, wanda ya ratsa jihar Georgia a 1864 yana lalata tattalin arzikin 'yan tawaye maimakon neman fito-na-fito. Ya rubuta littafi a kan kowannensu, haka kuma a kan T.E. Lawrence, wanda ya yi fice a boren Larabawa a kan Daular Usmaniyya. Wanda ya fi shan sukarsa shi ne masanin yaƙin nan na Jamus, Carl von Clausewitz, domin yana ganin almajiransa ne suka cusa wa janar-janar na 1914 aƙidar tara ɗimbin sojoji da zubar da jini.

Masana da dama sun nuna raunin wannan nazari. Sun ce ya yi wa Clausewitz gurguwar fahimta, kuma ya saba kiran duk dabarar da ta yi nasara ta bayan gida, wadda ta faɗi kuma ta kai tsaye, ta yadda babu yadda za a yi hujjarsa ta faɗi. Duk da haka ya bar wata magana da ta fi sauran daɗewa, wato cewa manufar yaƙi ita ce samun zaman lafiyar da ta fi ta da, kuma nasarar da ta bar mai nasara a tsiyace ba ta da wani amfani. Littafinsa na 1930 a kan Yaƙin Duniya na Ɗaya, da taimakon da ya ba tsohon Firaminista David Lloyd George wajen rubuta tarihin yaƙin daga ɓangarensa, sun taimaka ƙwarai wajen kafa hoton da 'yan Birtaniya da yawa suke da shi har yau na janar-janar marasa basira da suka tura samari ga halaka.

Mai ba da shawara ba tare da ofis ba

Daga wannan tunani ya gina wata manufa ga ƙasarsa. A wata lacca a 1931, da littafin The British Way in Warfare a 1932, ya yi iƙirarin cewa a tarihi Birtaniya tana cin yaƙi ne da jiragen ruwa, da datse wa abokan gaba hanyoyin ciniki, da ba ƙawaye kuɗi su yi faɗan ƙasa, kuma aika miliyoyin sojoji Faransa a 1914 kauce wa wannan turba ne. Shawararsa ita ce idan yaƙi ya sake ɓarkewa a Turai, Birtaniya ta taƙaita abin da za ta zuba a ƙasa, ta dogara ga jiragen sama da na ruwa.

Wannan magana ta yi wa Neville Chamberlain daɗi, domin tun yana ministan kuɗi yake neman hujjar rage kason sojan ƙasa. Da ya zama Firaminista a watan Mayun 1937, ya naɗa Leslie Hore-Belisha sakataren harkokin yaƙi, har ya shawarce shi ya karanta abin da Liddell Hart ya rubuta game da aikin sojan ƙasa. Hore-Belisha ɗan siyasa ne mai son sauyi amma bai san soja sosai ba, sai ya jingina ga kyaftin ɗin. Kimanin shekara guda suna ganawa suna waya a kai a kai, Liddell Hart yana rubuta masa takardun shawara, har da jerin sunayen hafsoshin da ya kamata a ɗaga da waɗanda ya kamata a sallama. A watan Disamban 1937 aka tuɓe babban hafsan hafsoshi Cyril Deverell tare da wasu manya, aka ɗora Lord Gort a gurbinsa. An rage shekarun ritayar janar-janar, an gyara tsarin ƙarin girma, an inganta rayuwar ƙananan sojoji, an kuma ƙara mayar da hankali ga bindigogin kakkaɓo jiragen sama.

Duk wannan ya gudana ne ba tare da wata takardar naɗi ba. Liddell Hart bai yi rantsuwar kama aiki ba, majalisa ba ta da ikon kiransa ta yi masa tambaya, kuma a lokaci guda yana rubuta wa The Times sharhi a kan manufofin da shi kansa yake da hannu wajen tsarawa. Masu karanta jaridar ba su da hanyar sanin inda ɗan jarida ya tsaya da inda mai ba minista shawara ya fara. Hafsoshi kuwa sun sani, kuma ƙiyayyarsu ta ƙaru. Kafin tsakiyar 1938 Hore-Belisha ya fara ja da baya daga gare shi don ya sasanta da manyan sojojinsa, haɗin ya mutu. Sasantawar ba ta cece shi ba, domin a watan Janairun 1940 aka cire shi daga kujerar bayan saɓani da hafsoshi, ciki har da Gort ɗin da ya ɗaga.

Ba za a ce Liddell Hart ya goyi bayan lallashin Hitler ba. Ya yi gargaɗi a kan haɗarin da nasarar Franco a Sifaniya za ta jawo, ya kuma ƙi amincewa da yarjejeniyar Munich ta Satumban 1938 da ta miƙa wa Jamus wani yanki na Chekoslobakiya, abin da ya haɗa shi da editansa Geoffrey Dawson har ya bar jaridar a 1939. Sai dai manufar taƙaita sojan ƙasa da ya yi wa ado da hujjojin tarihi ta bar ƙasar ba ta da rundunar da za ta tsoratar da Jamus ko ta kwantar wa Faransa hankali. Da gwamnati ta sauya tunani a farkon 1939, ta fara tilasta wa matasa shiga soja a watan Afrilu, ya soki matakin.

Shekarar da lissafi ya rushe

A ƙarshen shekarun 1930, mutumin da ya yi suna wajen tallata tankar yaƙi ya koma yana jaddada cewa makaman zamani sun fi taimakon mai kare kansa. A littafinsa The Defence of Britain na 1939 ya nuna cewa mai kai farmaki yana buƙatar ya ninka abokin gabansa sau uku kafin ya yi nasara, don haka da wuya Jamus ta iya fasa Faransa. Masu sukarsa sun ce tsoron sake ganin wani Somme ne ya rinjayi nazarinsa, har ya riƙa ganin abin da yake fata a madadin abin da ke gabansa.

Ranar 10 ga Mayun 1940 Jamus ta kai farmaki. Tankokinta suka ratsa dazukan Ardennes, suka ƙetare kogin Meuse a Sedan ranar 13 ga wata, suka isa bakin teku ranar 20, suka raba rundunar ƙawance gida biyu. An kwashe sojoji kimanin 338,000 daga Dunkirk, sun bar manyan makamansu a baya, Faransa kuma ta sa hannu a takardar tsagaita wuta ranar 22 ga Yuni. Jamus ba ta fi abokan gabanta yawan tankoki ba, ta fi su iya tattara su wuri guda ne da saurin yanke shawara. Salon da aka bi ya yi kama da ambaliyar da Liddell Hart ya kwatanta shekara 20 baya, amma hasashensa na baya-bayan nan ya faɗi warwas a idon duniya.

Shekarun yaƙin sun zame masa na kaɗaici. Ba shi da lafiya, ba shi da muƙami, ya ƙaura daga Landan zuwa karkara. Ya riƙa kira da a nemi sulhu da Jamus, yana ganin Birtaniya ba za ta ci yaƙin ba sai ta tsiyace. Ya soki ruwan bama-baman da ake yi a kan biranen Jamus, ya kuma soki sharaɗin miƙa wuya ba tare da wani sharaɗi ba da aka sanar a Casablanca a watan Janairun 1943, yana mai cewa zai tsawaita yaƙin ya kuma bar Tarayyar Sobiyat da rinjaye a Turai. Wani ɓangare na wannan hasashe ya tabbata. Amma kiran sulhun ya nuna bai fahimci ko wane ne Hitler ba, domin ya ɗauke shi shugaba irin sauran shugabanni, wanda za a iya zama da shi a yi ciniki a kan iyakoki.

Janar-janar na Jamus da gyaran tarihi

A 1945 aka tsare manyan hafsoshin Jamus a sansanin Grizedale Hall da ke arewa maso yammacin Ingila, kusa da inda yake zaune. Ya samu izinin ganawa da su, ya yi doguwar hira da irin su Rundstedt da Kleist da Manteuffel, ya tattara ta a littafin The Other Side of the Hill a 1948. Littafin ya samu karɓuwa sosai domin shi ne ya fara nuna wa masu karatun Ingilishi yadda yaƙin ya kasance daga ɗaya ɓangaren. Ya kuma yi wa hafsoshin hidima: ya yi fafutukar kyautata tsarewarsu, ya tsaya wa Erich von Manstein lokacin da kotun soja ta Birtaniya ta gurfanar da shi a Hamburg a 1949. An yanke wa Manstein ɗaurin shekara 18, aka rage, aka sake shi a 1953. Ya rubuta gabatarwar fassarar Ingilishi ta tarihin rayuwar Heinz Guderian a 1952, ya kuma shirya takardun Erwin Rommel don bugawa a 1953.

Kowane ɓangare yana da abin da yake nema a wannan hulɗa. Janar-janar suna so a ɗauke su ƙwararrun sojoji masu tsabtar hannu, waɗanda Hitler ya ɓata wa shiri, a daidai lokacin da ƙasashen Yamma suke shirin sake ba Jamus ta Yamma makamai don fuskantar Sobiyat. Shi kuma yana so a shaida cewa tunaninsa ne ya haifi salon da ya kayar da Faransa, wato cewa mutanensa sun ƙi jin maganarsa amma abokan gaba sun ji. Littattafan da suka fito daga wannan haɗi ba su ce komai mai yawa ba a kan hannun sojan Jamus a kisan Yahudawa da fararen hula a gabashin Turai, ko a kan fursunonin yaƙin Sobiyat sama da miliyan uku da suka mutu a hannunsu. Masana tarihi na baya sun lissafa waɗannan littattafai cikin abubuwan da suka raya tatsuniyar cewa rundunar Jamus ba ta da laifi a ta'asar 'yan Nazi.

Shaidar da ta fi yi masa illa ta fito ne bayan mutuwarsa. A fassarar Ingilishi ta littafin Guderian akwai wani sakin layi da ke ɗaga Liddell Hart a kan sauran masanan Birtaniya a matsayin wanda ya fi yin tasiri ga rundunar tankokin Jamus. Wannan sakin layi babu shi a asalin littafin na Jamusanci. Marubucin tarihin soja Kenneth Macksey ya gano wasiƙar da Liddell Hart ya aika wa Guderian yana ba shi shawarar ya ƙara irin wannan magana, Guderian kuma ya amince. A 1988 masanin siyasar duniya na Jami'ar Chicago, John Mearsheimer, ya wallafa Liddell Hart and the Weight of History, inda ya bi takardun mutumin ɗaya bayan ɗaya, ya yanke hukuncin cewa ya yi amfani da hafsoshin da ke cikin matsi wajen wanke sunansa, ya kuma binne kurakuransa na shekarun 1930.

Maganar ba ta tsaya nan ba. Masanin tarihi na Isra'ila, Azar Gat, ya koma ga mujallun sojan Jamus na kafin yaƙi ya nuna cewa lallai ana fassara rubuce-rubucen Liddell Hart da na Fuller, kuma hafsoshin tankoki suna bibiyarsu. Abin da ya fito daga wannan muhawara shi ne tasirin nasa gaskiya ne, amma bai kai yadda ya zana shi ba, kuma da ya bar takardu su yi magana da kansu da sunansa ya fi haka tsabta.

Zamanin nukiliya da ƙarshen rayuwa

A kan makaman nukiliya ne hasashensa ya fi tsayawa da ƙafafunsa. Tun a 1946 ya rubuta cewa bam ɗin ƙare-dangi ya mayar da yaƙin gaba ɗaya kisan kai ga kowane ɓangare. Da Amurka ta sanar a 1954 cewa za ta iya mayar da martani da gagarumin harin nukiliya a kan duk wata tsokana, ya ce barazanar da mai yin ta ba zai iya cikawa ba sai ya hallaka kansa ba za ta hana ƙananan yaƙe-yaƙe ba, don haka dole ƙasashe su riƙe rundunonin gargajiya masu inganci. Littafinsa Deterrent or Defence na 1960 ya samu yabo a wani sharhi da Sanata John F. Kennedy ya rubuta a shekarar da yake takarar shugabancin Amurka.

Ya kuma yi wani gargaɗi a kan yaƙin sunƙuru, duk da ƙaunarsa ga Lawrence. Ya lura cewa raba wa fararen hula makamai da koya musu kisa da bijire wa hukuma, ko da don korar ɗan mamaya ne, yakan bar al'adar tashin hankali da ke daɗewa bayan an kori ɗan mamayar, kuma ƙasa takan sha wuya kafin ta karɓe makaman ta dawo da doka.

A shekarunsa na ƙarshe gidansa da ke Medmenham a gundumar Buckinghamshire ya zama wurin ziyarar hafsoshi da ɗalibai daga ƙasashe da dama. Kwamandojin Isra'ila irin su Yigal Allon da Yigael Yadin sun yaba masa a matsayin malami. Ya buɗe wa matasan masana ɗakin karatunsa, yana gyara musu rubutu layi-layi. Paul Kennedy, wanda daga baya ya yi suna a fannin tarihin manyan dauloli, ya yi masa aikin bincike, Michael Howard kuma, wanda ya kafa sashen nazarin yaƙi a King's College ta Landan, abokinsa ne na kusa, ko da yake daga baya ya rushe hujjarsa game da salon yaƙin Birtaniya, ya nuna cewa ƙasar ba ta taɓa kayar da babbar daular Turai ba sai da gagarumin yaƙin ƙasa.

Ya wallafa tarihin rayuwarsa cikin juzu'i biyu a 1965, labarin kuma ya tsaya ne a 1940. Sarauniya Elizabeth ta ba shi sarautar Sir a 1966. Ya rasu ranar 29 ga Janairun 1970 yana da shekara 74, tarihin Yaƙin Duniya na Biyu da ya daɗe yana rubutawa ya fito bayan rasuwarsa a wannan shekara.

Liddell Hart mutum ne mai adana takarda. Ya ajiye wasiƙun da ya yi musaya da ɗaruruwan mutane, da bayanan hirarrakinsa da ministoci da janar-janar, kowanne da kwanan wata. Waɗannan takardu suna King's College, a cibiyar adana tarihin soja da ke ɗauke da sunansa tun 1973. A cikinsu ne Mearsheimer ya samo yawancin hujjojin da ya tuhume shi da su, kuma ga su nan a buɗe ga duk mai binciken da ke son kare shi.